Shafuka Huɗu Daga Fayil Ɗin Baba

Kun cika min waya da saƙo, wai me ya sa na yi shiru kwana goma, wai ko an ɗaura ne ban gayyace ku ba. Ba a ɗaura komai ba. Ku gyara zama, don abin da zan faɗa yau ko Mama ban faɗa wa ba. Ku da ba ku san fuskata ba, ku ne za ku fara ji.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: ni ce autar gidanmu, ina aiki a wani shagon buga takardu da yin kwafi. Babanmu ya yi shekara ashirin da biyu yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wata ƙasar Larabawa. Mako goma sha ɗaya da suka wuce ya dawo gida gaba ɗaya, da akwati biyu, da ciwon kwiɓi, da wani shuɗin fayil da asibitin can suka ba shi ranar da zai taso. Komai na cikin fayil ɗin da Larabci yake. Asibitinmu kuwa da Faransanci suke aiki. Likitan da muka fara gani ya juya takardun sau biyu, ya turo mana su ta kan tebur ya ce, "Ku kawo min fassara."

Larabcin Baba na wurin aiki ne: miƙo min waya, kashe wuta, gobe zan zo. Ya ce likitan can ya yi masa bayani da sauri kamar ana korarsa, abin da ya kama kawai shi ne tsakuwa a ƙoda.

Ni tun ranar na ce a nemi wanda aikinsa ke nan. Gwaggo, yayar Baba, ita ta fara watso min harara.

"A nemi wa? Ga malami har gida yana zarya kullum kamar an aiko shi?"

Saurayina take nufi. Malamin sakandare ne, yana koyar da Larabci da Faransanci, kuma a wayata sunansa Ƙamus, don ko sallama ka yi masa sai ya gyara maka ita. Dogo ne, mai farin gilashi, rigarsa kullum a goge, biro uku a aljihun gaba, ja da baƙi da shuɗi. Saƙonsa ma sai da waƙafi da aya. Ina sonsa, kada ku ce ban faɗa ba. Shekara biyu yana nemana bai taɓa ɗaga min murya ba. Amma in ya ga Baba sai ka rantse ba shi da baki: kansa a ƙasa, gumi a goshi, duk abin da aka ce sai "haka ne, Baba".

Kwana uku ya kawo fassarar, an buga ta tsaf, an saka a leda mai haske. Mama har da hawaye. Gwaggo ta ce, "Kin gani ko, sarkin tsari?" Likita ya karanta, ya rubuta maganin tsakuwa, ya ce Baba ya yi ta shan ruwa.

Baba ya sha ruwa har ya gaji. Wandunansa suka fara zamewa, sai da Mama ta ƙara wa bel ɗinsa huda biyu da ƙusa. Shayin safe ya koma rabin kofi. Ranar Litinin ta wancan makon ina ɗaura mayafi zan fita, Mama ta jawo ni bayan ƙofar kicin, ta yi ƙasa da murya kamar za ta faɗi laifin da ta yi.

"Na ga jini a banɗaki bayan ya fito. Ba yau aka fara ba. Kada ki nuna masa kin sani."

Ranar ban je shago ba. Na ɗauki shuɗin fayil da fassarar na tafi asibiti ni kaɗai. Wancan likitan yana hutu, wata mace na samu, gajera, gilashinta a rataye da igiya. Ba ta ko fara karatu ba. Ta ajiye na Larabci a dama, na Faransanci a hagu, ta lashi yatsa ta fara ƙirga.

"Wannan sha bakwai ne," ta ce. "Wannan sha uku. Ina huɗu?"

Na ce wataƙila Faransanci ya fi gajarta.

Ta dube ni ta saman gilashi. Ta nuna min kusurwar kowane shafi, inda asibitin can suka buga lamba. Fassarar ta bi su ɗaya bayan ɗaya har sha biyu, daga nan ta yi tsalle ta dira a sha bakwai.

Jama'a, ni da nake wuni ina ƙirga shafukan mutane, ni da ba na miƙa wa kowa kwafi sai na ƙirga sau biyu, ban ƙirga na mahaifina ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Wa ya yi muku wannan?"

"Wani malami ne."

"Malamin me?"

Na faɗa mata. Ta sauke numfashi. "Ba na jin Larabci, amma zanen da ke shafi na sha uku ba ƙoda ba ce. Ki nemo min wanda ya san aikin asibiti, ya san harsunan biyu, kuma yana da hatimi, don kwamitin likitocinmu ba ya duba takarda ba hatimi. Kuma ki yi sauri."

A bakin ƙofar asibiti na tura masa saƙo: "Shafi huɗu babu a fassararka."

Ya gani. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Sai can: "Salam. Na taƙaita abin da ba shi da muhimmanci. Ki kwantar da hankalinki."

Ban amsa ba. Da na amsa a lokacin, da yanzu wani labarin kuke karantawa.

Ban san neman mai fassara wahala ne haka ba sai da na shiga. Na fara da ofisoshin da ke jere a bayan kotu. Na farko wani dattijo ne mai hatimi har uku a kan tebur. Ya buɗe fayil, ya rufe da sauri.

"'Yata, ni takardar haihuwa nake yi, da ta aure, da ta makaranta. In na yi kuskure a can, a dawo a gyara. Wannan in na yi kuskure, mutum ake binnewa."

Na biyu ya ce zai yi, ko dubawa bai yi ba, har ya fara jawo kujera. Wannan saurin nasa ne ya sa na tattara takarduna na fita. Na uku Larabci zuwa Turanci yake yi, ya ce in na so ya yi, sai in kai wa wani ya mayar Faransanci. Na tuna yadda magana take komawa in ta bi ta bakin Gwaggo kafin ta kai ga Mama, na ce a'a, na gode.

Talata na je jami'a. Wani malami mai furfura ya karɓe ni da kirki, ya karanta layi biyu a bayyane da murya mai daɗi, ya tsaya. "Kalmomin duk na san su," ya ce, "amma ban san abin da likita yake nufi da su ba. Rabi ma gajerun haruffa ne irin nasu." A intanet na samu kamfanoni rututu, kowa yana cewa ƙwararru gare shi. Na cike fam har huɗu. Biyu ba su amsa ba, ɗaya ya ce mako biyu, ɗaya ya tambaye ni ko takardar ciniki ce. Na ɗauki hoton shafin da waya na ba manhajar fassara, ta ba ni wani shirme, wai bangon jaka yana da baƙo. Na yi dariya a cikin motar haya, dariyar ta juye kuka, matar da ke kusa da ni ta matsa gefe.

A gida kuwa wuta ake hura min. Ban san wa ya kai wa Gwaggo labari ba, na dawo na tarar da ita a falo ta baje a kan doguwar kujera, mayafinta a kafaɗa, Yaya, babban wana, yana tsaye a jikin taga yana kaɗa makullin mota.

"Sannu da yawo," ta ce. "An ce kina bi ofis-ofis kina nuna wa duniya mijin da za ki aura bai iya aikinsa ba."

"Gwaggo, likita ce ta ce..."

"Likita ta fi shi Larabci ne? Shekara bakwai ya yi yana karanta shi!"

Yaya ya ce, "Ni dai in kin gaji da shi ne ki fito fili ki faɗa. Ba sai kin bi ta kan rashin lafiyar Baba ba."

Wannan maganar ta ƙona ni har ƙashi. Na dubi Mama ko za ta ce wani abu, ita da ta ga jinin da idonta. Tana ninke kayan wanki, ta ninke rigar Baba ɗaya sau uku. Sai da suka fita ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ki yi a hankali dai. Yaron nan in ya ji kunya ba zai sake tako gidan nan ba. Kuma takardun mahaifinki ne, ba kowa ake buɗe wa ba."

Ranar Alhamis mai kantin maganin layinmu ya ga fayil ɗin a hannuna ya tambaya. Shi ya rubuta min kwatance a bayan kwalin magani. "Madam ake ce mata. Ta yi shekara goma sha biyar tana aikin jinya a ƙasar Larabawa kafin ta koma fassara. Ba ta da fara'a, kada ki damu."

Ofishinta a hawa na uku yake a wani tsohon bene, saman shagon masu ɗinkin labule. Ɗaki ɗaya, fanka mai ƙara, littattafai masu kauri har kan taga, da hoton ƙashin mutum a bango an rubuta sunan kowace gaɓa da harshe biyu. Ita kuma doguwar riga ruwan toka, ba ɗan kunne, ba kwalliya, sai agogon maza a hannu.

"Aiki ya yi min yawa," ta ce kafin in zauna. "Sai bayan kwana goma."

Na ce shafi huɗu ne kawai.

"Ba na yin shafi huɗu. Fayil nake yi, daga farko har ƙarshe, ko in bari. Wanda ya tsinci shafi ya bar shafi ai shi ya kawo ki nan."

Na dai ajiye fayil ɗin a gabanta, don ƙafafuna sun gaji kuma ba ni da sauran wurin zuwa. Ta ja tsaki ta buɗe. Ita ma ƙirgawa ta fara yi. Ta duba kwanan wata, ta duba hatimin asibitin, ta wuce zuwa sha uku. Na ga yatsanta yana bin layi daga dama zuwa hagu, ya tsaya, ya koma baya. Ta miƙa hannu ta kashe fankar.

"Mahaifinki ne?"

"Eh."

"Yaushe ya dawo?"

"Mako goma sha ɗaya."

Ta cire hannunta daga kan takardar. "Ni ba likita ba ce, kuma ba aikina ba ne in gaya miki. Amma kin sha wahala, ba zan bar ki ki ji a tsaye a baranda ba. Tsakuwar gaskiya ce, tana nan. Sai dai sun leƙa mafitsararsa da na'ura sun ga ƙari. Sun yanki kaɗan sun gwada. Mugun ne, irin mai saurin yaɗuwa. A shafi na sha shida sun rubuta a yi masa aiki cikin mako shida, kada a wuce."

Na ƙirga da yatsu kamar 'yar aji ɗaya. Shida. Sha ɗaya. Na sake ƙirgawa ko zai canza.

"To yanzu..." na ce.

"Yanzu sai abin da sabon hoto ya nuna. Ba zan yi miki ƙarya in ce ba komai ba."

Ta ture aikin da ke gabanta gefe. Awa huɗu ina zaune a kan benci tana bugawa. Sau biyu ta kira wani likita a waya ta tambaye shi yadda suke rubuta wani abu a asibitocinmu, ta rubuta, ta maimaita masa. Da ta gama ta karanta duka daga farko, ta buga hatimi a kowane shafi, ta sa hannu. Sha bakwai cif. Ta raka ni har bakin matakala, abin da na tabbata ba ta saba yi ba.

Daga can asibiti na wuce. Likitar ta karanta a tsaye, ta ɗaga waya ta yi magana da wani sashe, ta ce a kawo Baba gobe Juma'a ƙarfe takwas, kada ya ci komai. "Ku gaya masa tun a gida," ta ce. "Kada ya zo yana zaton tsakuwa za mu duba. Sai ya sa hannu da saninsa."

Saura mutum ɗaya. Na same shi a makarantarsu an tashi, yana barandar ofishin malamai da tarin littattafan yara a hammata. Farar riga, alli a hannun rigar. Ya gan ni ya yi murmushi, murmushin ya mutu a hanya.

Na miƙa masa shafi na sha uku na Larabcin. "Karanta min."

Ya kalla, ya kawar da kai.

"Karanta min mana, Ƙamus. Ba shekara bakwai ka yi ba?"

"Don Allah ki rage murya."

"Me ya sa ka cire?"

Ya cire gilashi ya goge da gefen riga, ya mayar. "Na buɗe sai na ga zane. Zanen... jikin namiji ne, daga cibiya zuwa ƙasa. Da sunan Baba a sama. Layin farko yana bayanin ta inda suka shigar da na'urar." Ya sunkuyar da kai. "Ta yaya zan zauna in rubuta wannan da hannuna game da mahaifinki? In kawo gidanku, ke ki karanta, Mama ta karanta? Da wane ido zan sake kallonsa?"

"Sai ka karanta ka yi shiru."

"Ban karanta ba."

"Me ka ce?"

"Wallahi ban karanta ba. Layi biyu na gani na kife. Na ɗauka bayanin yadda aka yi gwajin ne kawai, na ga shafin ƙarshe magunguna ne, na ce ai ga abin da likita yake buƙata. Har shafuka ukun da ke biye ban buɗe ba, na ga duk sashe ɗaya ne."

Kun san da ya ce min ya karanta ya ɓoye, da na samu abin da zan tsana. Na zo da zagi cike da baki, na rasa inda zan sauke shi. Na gaya masa abin da ke ciki, da mako shida, da mako sha ɗaya. Littattafan suka zube daga hammatarsa. Ya durƙusa kamar zai tsince su, bai tsinci ko ɗaya ba, ya zauna a ƙasa a wurin da farar rigarsa.

"Na kashe shi," ya ce. "Ladabi nake yi masa."

Na bar shi a nan. Kafin in kai titi saƙonsa ya shigo, karo na farko ba sallama, ba aya: "ki bari in zo in faɗa masa da bakina". Na rubuta "kada ka zo", na kashe wayar.

Duk hanya ina shirya maganar. Ai ni ba shi ba ce. Ni na hau bene, na bi ofisoshi, na sha harara. Zan zauna in ce Baba ga abin da ake ciki, ga inda ciwon yake, ga abin da za a yi gobe. Har na zaɓi kalmomin, na jera su.

Na shiga da la'asar. Mama tana kicin, na ji ƙarar tukunya. Baba yana ɗakinsa a kan tabarma, ya jingina da gado, ya baje kayan wata tsohuwar fanka a gabansa yana gyarawa, don hannunsa ba ya iya zama haka nan. Rigar cikin da ke jikinsa ta yi masa yawa, wuyansa duk jijiya.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "An ce kina ta wahala da takarduna. Zo zauna. Riƙe min wannan."

Na riƙe masa murfin fankar yana ɗaura ƙusa. Hannunsa yana ɗan rawa, ya yi dariya ya ce tsufa ne.

"To me suka ce?"

Na buɗe fayil ɗin a cinyata. Shafin da ya fara fitowa shi ne mai zanen. Baba ya kai ido kansa, ya ɗauke da sauri ya mayar kan fankar, ni ma na kife shi. Na buɗe baki in faɗi sunan wurin, a gaban mahaifina, shi da ko tari ba ya yi in ya fito daga banɗaki don kada mu san daga inda yake. Kalmomin da na jera a mota suka watse.

"Uwata?"

"Ba komai, Baba," na ji bakina yana faɗa. "Tsakuwar ce dai. Suna so su sake dubawa gobe da safe."

Fuskarsa ta saki. Ya daɗe bai yi irin wannan murmushin ba.

"Alhamdulillahi. Ni da ma na san duk tsoron mata ne." Ya karɓi murfin daga hannuna ya ɗora a kan fankar. "In dai tsakuwa ce, ki kira likitar ki ba ta haƙuri. Ba inda za ni gobe, na gaji da asibiti. Miƙo min wancan ƙaramin sukudireban."

Na miƙa masa.